Manhajar da ba ta san bashi ba

Zan bar aikin nazarin tsarin bayanai a nan Sakkwato, kuma darasin da ya fi tsaya mini a rai ya fito ne daga manhajar wani shagon sari na kayan masarufi. Abokan aiki sun san shagon, ba sai na kama suna ba.

Ɓarnar ta faro tun ranar tattara buƙatu. An zauna da Alhaji mai shagon na awa ɗaya, ya ce shi dai yana so ya san abin da ya shigo da abin da ya fita. Ba wanda ya nemi akawun da ke riƙe da littafin bashi, littafin nan mai baƙin bango da ke kwance a aljihun tebur, kowane shafi da sunan mutum ɗaya a samansa. Shugaban sashenmu ya ce zana tsarin manhajar a takarda ɓata lokaci ne, tunda an karɓi kafin alƙalami a fara rubuta manhaja kawai. Da abin ya kwaɓe kuma, ƙananan ma'aikata ya tura su je su sha faɗan Alhaji. Wannan har yau yana ci mini rai.

A teburin ciniki, wato jadawalin da manhaja ke ajiye bayanan ciniki a ciki, an sa gurbi ɗaya tak mai suna "an biya", amsarsa e ko a'a. Amma ba haka ake sari ba. Ɗan kasuwa zai zo daga Gwadabawa ko Illela ya ɗauki kayan naira 800,000, ya ajiye 300,000, in an ci kasuwa ya turo 200,000 ta waya, sauran sai mako na gaba. Wani ma sefa zai haɗa da ita. Akawu ya rasa inda zai saka rabin biya, sai ya riƙa danna "an biya" yana rubuta ragowar a littafinsa. Cikin wata uku lissafin kaya da na kuɗi suka raba gari, aka fara yi wa yaran shago kallon ɓarayi, alhali ko kwabo ba su taɓa ba.

Takarda ɗaya da biro sun isa su tona wannan kuskure. A taswirar matakai, wato zanen da ke nuna yadda aiki ke tafiya mataki-mataki da kibiyoyi, akwai akwatin tambaya mai siffar daimon. Da an rubuta "ya biya duka?" a cikinsa, dole kibiyar "a'a" ta nufi wani wuri, mai zane kuma ya tashi ya tambayi akawu inda take zuwa. Haka ma zanen dangantakar bayanai, wanda masanin kwamfuta Peter Chen ya fito da shi a 1976: da an zana shi, an ga cewa ciniki ɗaya yana iya samun biya da yawa. Tsarin da ya dace teburi huɗu ne: na abokan ciniki, na ciniki, na kayan da ke cikin kowane ciniki, da na biya. Kowane layi a teburin biya ya ɗauki lambar cinikin, adadin kuɗi, kwanan wata, hanyar biya, nau'in kuɗi, farashin canji na ranar in sefa ce, da sunan wanda ya karɓa. Ragowar bashi kuwa kada a ajiye ta a gurbin da ake gogewa ana sake rubutawa. Manhaja ta riƙa cire jimillar biya daga jimillar ciniki duk lokacin da aka tambaya, ta haka ne za a iya bin sawun kowace naira. Gyaran ya ci wata biyu, don sai da aka sake shigar da littafin nan shafi-shafi da hannu.

Sauran darussan ba su kai wannan zafi ba. Suna ba ya zama lambar shaida, domin a shago ɗaya za ka samu Abubakar Umar biyar, wasu kuma sunan garinsu suke liƙawa, yau Wurno gobe babu. Lambar waya rubutu ce: lambobi 11 ne masu farawa da sifili, in ka ajiye ta a matsayin adadi sifilin zai ɓace, kamar yadda Excel ke yi. Gurbin kuɗi a ba shi nau'in adadi mai suna DECIMAL, don nau'in FLOAT yana kawo ɗan bambanci a lissafi. Ƙamus na bayanai, wato takardar da ke bayyana ma'anar kowane gurbi, ya fayyace guda nawa ne a katan ɗin kowane kaya, in ba haka ba mai sito yana ƙirga katan, mai kanta yana ƙirga guda. Rage kaya daga sito da rubuta ciniki su tafi a dunƙule, ko duka su shiga ko duka su fasa, saboda ana iya ɗauke wuta a tsakaninsu.

Wanda zai gaje ni zai tarar da fayil a saman kabad: takardar buƙatu da sa hannun Alhaji da na akawu, zane-zanen da kwanan watan kowane gyara, da shafi biyu cikin Hausa da ke nuna wa yaron shago yadda zai shigar da rabin biya.