OutRun: inda aka kwana a gyaran sitiyari da canjin giya

'Yan'uwa masu koyo, aikin wannan zagayen duk a kan OutRun ya ƙare, wasan tseren mota da Yu Suzuki ya ƙirƙira wa kamfanin Sega a 1986. Tafiya ɗaya zango biyar ce. A ƙarshen kowane zango, ban da na ƙarshe, hanya takan rabu biyu, shi ya sa zangunan suka kai 15, wuraren ƙarewa kuma biyar. Abokin hamayyarka agogo ne, kuma sauran daƙiƙun da ka rage a zango ɗaya suna bin ka zuwa na gaba.

Matsalar farko ta sitiyari ce. Na'urar asali ta gidajen wasa tana da sitiyari mai jin ko ɗan juyi kaɗan, madannin kwamfuta kuwa ko ka danna ko ba ka danna ba. A MAME, manhajar da ke kunna wasannin tsofaffin na'urori a kwamfuta, da ka taɓa kibiyar hagu sai motarka Ferrari ta yi tsalle zuwa gefen titi, ka gyara dama ta wuce. A shiga saitin na'urorin sarrafawa, a rage saurin da sitiyari ke juyawa idan an danna, a ƙara saurin komawarsa tsakiya. A riƙa canza lamba ɗaya ana gwadawa a zangon farko na bakin teku. In aka taɓa biyu tare, ba za a gane wadda ta yi aiki ba. Mai sandar da ake turawa da babban yatsa ya huta da rabin wannan wahalar.

Giya biyu ce kawai, ta ƙasa da ta sama, kuma nan daƙiƙu ke zubewa. Kada a danne totur har ƙasa kafin fitila ta ba da hannu, taya za ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi. A tashi da ta ƙasa, a ɗaga ta wajen kilomita 170 a awa, motar ta haura zuwa ƙarshen gudunta na 293. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bayan haɗari: mota ta wuntsula, an dawo da ita tsakiyar titi, giya na sama. Sai ta yi ta jan ciki kamar mai ɗauke da kaya. Hannu ya saba mayar da giya ƙasa tun motar na sama tana juyi.

A kwana mai tsanani, ɗaga ƙafa daga totur na ɗan lokaci ya fi taka birki, don birki na cinye gudun da sai an jima a maido shi. A shiga kwanar daga gefen waje.

Masu ganin hoton na tsinkewa ba laifin kwamfutarsu ba ne, hoto 30 a daƙiƙa wasan ke bayarwa tun asali. Cannonball, manhajar da aka sake gina wasan a cikinta don kwamfutocin zamani, na kai shi 60, manyan motoci kan fi saurin bayyana a ido.

Abin da ya rage: a zaɓi hanya ɗaya a mararraba, a yi ta maimaita ta har kwanoninta su zauna a kai, sannan a taɓa wata.