Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kangon Hayin Dogo

Makon jiya na tsaya a ranar da aka gama rabon gadon Baba, Allah Ya jiƙansa, aka damƙa mini kasona: naira miliyan 3 da dubu 200, daga kuɗin gonarsa da aka sayar. Shekarar 2019 ke nan. Ni da nake jiran albashin koyarwa kamar mai jiran ruwan farko, ban taɓa ganin kuɗi irin wannan a asusuna ba. Kwana uku ina duba waya da tsakar dare, ko sun gudu.

Shawara kuwa na sha ta. Yayata ta ce zinare. Maigidana ya ce in biya kujerar Makka, abin da ya rage a ja jari. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, bai ce komai ba sai da na je gaishe shi a Tudun Wadan Zariya. Ya gama alwala, ya ce, "Uwata, ki sayi abin da zai riƙa haihuwa kina barci. Amma ki sani, gidan haya ma yana cin abinci." Rabin farko na maganar na riƙe, na biyun ya wuce ta bayan kunnena.

Tun farko Kawu ya hana ni cikin birni. Ya ce a cikin ganuwa duk wanda zai kama miki ɗaki ɗan wane ne jikan wane, ranar karɓar kuɗi kunya ce za ta ɗaure miki baki. Haya a Zariya makarantu da ma'aikatu take bi. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, ɗakunan kwananta ba sa ɗaukar ɗalibanta duka, shi ya sa Ɗanraka da Hayin Dogo da Bomo suka cika da gidajen haya. Palladan tana cin albarkacin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, Shika tana da ma'aikatan asibitin koyarwa, Gyallesu da Tudun Wada kuma ɗaliban Kongo, reshen jami'ar, da na FCE, wadda a lokacin kwalejin horar da malamai ce ta tarayya. Kuɗina ba su kai na Hanwa ko GRA ba, don haka muka nufi Samaru.

Dillalin da aka haɗa mu da shi tun a gaisuwa ya naɗa mini Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya kai mu wani kango mai ɗaki 6, farashinsa kamar kyauta. Ni har na fara zaɓen launin fenti a zuciyata. Kawu ya ce a bari sai an yi ruwa. A watan Agusta muke, ba mu daɗe muna jira ba. Washegarin wani ruwan dare ya sa takalmin roba, ya naɗe ƙafar wando, muka koma ba tare da dillalin ba. Bai ko kalli kangon ba. Katangar maƙwabta ya bi yana dubawa, ya nuna mini wani kore-koren layi da ya kai gwiwa, ya ce, "Kin ga inda ruwa yake kwana." Daga nan ya zauna wurin mai shayin bakin layi, ya sha kofi ɗaya, ya taso da tarihin kangon kaf: sau biyu ana sayensa ana mayarwa.

Na biyun, a Hayin Dogo, a kan tudu yake. Ɗaki 4 ne da aka kai linta aka tsaya, mai shi ya rasu, magada suna son raba kuɗi. Aka daidaita a miliyan 2 da dubu 100, la'adar dillali kashi 5 cikin 100. Nan ma Kawu ya tsaya kai da fata sai kowane magaji ya sa hannu a takardar ciniki, har da ƙanwarsu da ke aure a Funtuwa. Mako biyu muka jira ta, ina ta ƙunƙuni. Aka yi a gaban mai unguwa da shaidu. Ya kuma ja kunnena cewa wannan takarda shaidar ciniki ce kawai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke ba da takardar mallaka. Labarin zirga-zirgar takardar nan kashi guda ne da kansa, zan kawo shi a gaba.

Lissafin da dillali ya yi mini a tsaye shi ne: ɗaki 4, kowanne dubu 90 a shekara, shekara 6 kin mayar da kuɗinki. Gaskiya ya faɗa, in da ana ba da hayar ɗaki babu rufi.

Ragowar kuɗina, da bai cika miliyan ɗaya ba, katako da kwano da kafinta suka cinye shi kafin a zo maganar ƙofa. Sai ga korona a Maris na 2020, aka kulle gari, aiki ya tsaya. Siminti da na fara saye wajen naira 2,500 buhu, kafin in gama filasta a 2021 ya haura 3,500. Na shiga adashe biyu. Na sayar da 'yan kunnen da Inna ta ba ni ranar aurena, wannan har yau ban faɗa wa yayata ba, in ta karanta a nan to ta yi haƙuri. Ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar gida na zauna na tara duk abin da na rubuta a bayan littafin shirin darasi: miliyan 4 da dubu 600.

Kuma a wajen tsimi na tafka kuskuren da ya fi kowanne. Na sa tayil a ɗakuna, na yi fenti mai ruwan madara, amma bayi ɗaya na yi wa ɗaki 4, rijiya kuma ban haƙa ba, na ce 'yan haya sa sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Magini ya ce, "Malama, da kin rage kwalliya kin ƙara bayi." Na ɗauka neman ƙarin aiki yake.

Wata huɗu gidan yana kulle. Ana zuwa, ana leƙawa, ana cewa za a dawo. Ranar da na gane dalili, wata uwa ce ta zo da 'yarta da ta samu gurbin karatu. Ina ta nuna mata tayil, ita kuwa ta wuce kai tsaye bayan gida, ta tura ƙofar bayin da ƙafa, ta leƙa, ta fito tana waige-waige a tsakar gida.

"Ina ruwanku?"

Na ce ana kawowa a kura.

Ta gyara mayafi ta ce, "Baiwar Allah, gidanki ya yi kyau. Amma ba da fenti yarinyar nan za ta yi wanka ba." Suka tafi. Na zauna a dokin ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sake cin bashi. Masu haƙar rijiya suka ce in jira tsakiyar rani, don rijiyar da aka haƙa da damina yaudara ce, tana kaiwa Maris take ƙafewa. Amma ba ni da halin jira, aka haƙa, daga baya sai da aka ƙara mata zurfi, kuɗi biyu. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne na bar su suka nisanta ta da ramin masai, duk da ya ci mini wurin shanya. Aka ƙara bayi na biyu, aka sa mita mai kati don kada rigimar kuɗin wuta ta dawo kaina.

A Janairun 2022 ɗakunan suka cika, dubu 80 kowanne, ba 90 ba. Dillali ya karɓi la'adarsa ta kashi 10 a hannun 'yan hayar. Na riƙe dubu 320 na kai wa Kawu ya sa albarka. Ya ce in raba abin da na kashe da wannan. Na danna a waya: shekara 14 da 'yan watanni, ban ma sa rijiya da sabon bayi ba. Ya ce, "To cire na kwashe masai, da na yoyon rufi, da na watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Abincin gidan ke nan da na faɗa miki." Sannan ya tambaye ni takardar yarjejeniya da 'yan hayar. Na ce ai yara ne masu hankali, rasit kawai na ba su. Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. Kowa ya ce na 'yan makonni ne. Sai 14 ga Oktoba aka janye, wata takwas cur. Samaru ta yi tsit, masu abinci da masu shagon kwafi suka rufe. Ni kuwa ina ganin ban yi asara ba, tunda na shekara aka biya ni.

Da aka dawo, uku daga cikinsu suka same ni a gida, suka durƙusa suka gaishe ni, babbar cikinsu ta ce, "Mama, wata takwas ɗin da ba mu kwana ba, yaya za a yi da shi?" Babu takardar da zan buɗe in nuna musu. Na huɗun kuwa bai dawo ba, wayarsa a kashe, kwaɗonsa a ƙofa, ga wani wari yana fitowa ta ƙasan ƙofar ɗakin.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ku ji abin da muka tarar da mai unguwa ya sa aka fasa kwaɗon.