Wasiƙa Daga Jamus: Bakanike da Darasin Majalisa

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan tambayar da ake yi wa duk yaron da ya zaɓi fannin karatu, wato wane aiki zai samu da shi. Ban raina wannan tambaya ba, domin wanda ya shekara biyar da takardar shaida a akwati ba shi da abin yi ya san ɗacinta. Sai dai zamana a Jamus ya sa na daina yarda cewa dole ne a zaɓi ɗaya tsakanin karatun neman abinci da karatun gina mutum.

Ƙasar nan ta yi suna wajen koyar da sana'a, kuma tun 1969 take da doka ta musamman a kai. Matashi yakan yi shekara biyu zuwa uku da rabi yana koyo, kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makaranta, ana kuma biyansa alawus. Ɗan maƙwabcina kanikanci yake koyo. Wata rana da yamma na tarar da shi zaune a matakala, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba, yana bitar darasi a kan haƙƙin ma'aikaci da yadda majalisa ke kafa doka. Da na tambaye shi abin da ya haɗa bakanike da majalisa, sai ya ce ai yana cikin jarrabawarsu ta ƙarshe.

Abin ya tsaya mini a rai. Motocin lantarki da ke ƙaruwa a garejinsu ba su da fulogi, ba a kuma yi musu juyen baƙin mai, saboda haka wani ɓangare na abin da hannunsa ya ƙware a kai zai rage amfani tun yana da ƙuruciya. Abin da zai riƙe shi a lokacin shi ne iya karanta sabon abu ya fahimta, da sanin haƙƙinsa idan an zo rage ma'aikata, da iya tsayawa gaban mutane ya faɗi hujjarsa. Ko sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1948 cikar mutum ya sa a matsayin manufar ilimi.

Don haka nake roƙon masu tsara manhajar karatu: ku faɗaɗa koyon sana'a iyakar ƙarfinku, amma kada ku yanki lokacinsa daga darasin harshe da tarihi.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Jamus