Yadda muka riƙe ƙungiyar ɗalibai masu fafutukar daidaito a harkar lafiya

Ni dai allurar korona ce ta jefa ni cikin wannan harkar. A Disamba 2021 aka kwashi allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya aka kai juji a Abuja aka lalata, saboda kyauta aka kawo mana su lokacin da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, alhali masu bayarwar har sun fara yi wa mutanensu allura ta uku. Lokacin ina aji uku a likitanci, abin ya tsaya min a rai sosai, sai wata babbar yaya a ajin gaba da mu ta ce in dai surutun nan nake so ya zama aiki to in zo mitin ranar Asabar.

Tsarin a takarda kam gwanin sha'awa. Kowace makaranta na da ƙungiyar ɗaliban likitanci tata, a sama akwai NiMSA, ƙungiyar ɗaliban likitanci ta Najeriya baki ɗaya, ita kuma mamba ce a IFMSA, tarayyar ƙungiyoyin ɗaliban likitanci ta duniya, wadda aka kafa tun 1951 a Kopenhagen, da ƙasashe sama da 100 a ciki. Akwai kwamitoci shida, na lafiyar al'umma da ake kira SCOPH, na haƙƙin ɗan Adam da zaman lafiya, na lafiyar haihuwa da ƙanjamau, na ilimin likitanci, sai biyu na musayar ɗalibai, kuma kowane kwamiti yana da wakili a makaranta, da na ƙasa, da darakta na duniya. Mu reshen namu ƙarƙashin lafiyar al'umma muka fake, ga shugaba ga sakatare ga ma'aji, sai rukuni uku, masu shirya karatu da lakca, masu fita gari wayar da kai, da masu rubuta wasiƙu da bin ofis-ofis.

To amma fa ranar zaɓe kowa na son muƙami saboda satifiket, bayan wata biyu sai ka ga gurup ɗin WhatsApp cike da mutane amma in an ce wa zai je ɗauko kujeru sai shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Da na zama sakatariya abin da muka fara yi shi ne rage muƙamai, muka ce ba wanda zai samu takardar shaida sai sunansa ya fito a rahoton wani aiki da aka gama. Wasu sun yi fushi sun fita, gaskiya ban yi kewarsu ba.

Sai maganar me za a yi. Da farko duk ranar da duniya ta ware sai mun buga fosta, ranar maleriya, ranar tarin fuka, ranar ciwon suga, a ɗau hoto a watse. Wani ɗan ajinmu ne ya kawo labarin ɗaliban jami'ar Yale a Amurka, waɗanda a 2001 suka matsa wa jami'arsu lamba kan maganin ƙanjamau stavudine da aka gano a can, har aka sassauta haƙƙin mallakarsa a Afirka ta Kudu farashi ya faɗi warwas, daga nan ne ma UAEM, ƙungiyar ɗaliban jami'o'i masu fafutukar samun muhimman magunguna, ta samo asali. Abu ɗaya suka kama suka ƙi saki. Mu sai muka kama cutar da ake kira noma, ciwon nan da ke cin baki da fuskar yara ƙanana masu tamowa, wanda a ƙauye ake ce masa ciwon iska, shi ya sa ma ake fara kai yaro wajen mai magani kafin asibiti. In an gan shi tun dasashi na kumbura yana wari, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki sun isa, in an makara kuwa akasarin yaran ba sa rayuwa. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na noma inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke taimakawa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, hukumar lafiya ta duniya WHO ta amince a Disamba 2023. Ba mu muka sa aka yi ba, kar wani ya ce na yi cika baki, mu namu shi ne zama da malaman Islamiyya da ungozoma muna nuna musu hotunan matakin farko na ciwon.

Nan ne na ga abin da ya fi komai damuna, ƙungiyar da ke ihun daidaito ita kanta babu daidaito a cikinta. 'Yan likitanci ne a gaba, ɗaliban nas da na haƙori da na haɗa magani sai dai a gayyace su su cika hoto, su kuwa 'yan makarantar koyon lafiya a matakin farko da za su zauna a ƙaramin asibitin ƙauye, waɗanda su ne za su fara ganin yaron ma, babu wanda ya taɓa tunaninsu. Mitin bayan isha'i, mu mata da ke zaune a gida cikin gari ba mai barin mu. Komai da Turanci, har takardar da za a raba wa iyaye mata. Sai da muka rubuta a kundin tsarin mulkinmu cewa mataimakin shugaba dole ya fito daga wani sashe ba likitanci ba, aka dawo da mitin bayan la'asar, sannan duk abin da zai fita gari da Hausa ake fara rubuta shi. An yi rigima kam, wani har cewa ya yi za mu zubar da ajin ƙungiya.

Yajin aikin jami'o'i na 2022, wata 8 cur, ya nuna mana wani ramin, shugabanninmu na ajin ƙarshe ne, lambobin waya da fasiwod ɗin imel duk suna kansu, da aka dawo jarabawa ta sha musu kai. Tun daga nan kowane muƙami sai an haɗa shi da ɗan aji biyu ko uku, komai a zuba a Google Drive, kuma ba a sa hannu a satifiket sai an miƙa takardun mulki. Kuɗi kuwa karo-karo ne da ɗan abin da tsofaffin ɗalibai ke turowa, mun ƙi karɓar na kamfanonin magani ko da biro ne.

A sama ma haka zancen yake. Babban taron IFMSA sau biyu ake yi a shekara, Maris da Agusta, can ake kaɗa ƙuri'a kan matsayar ƙungiya, amma mai zuwa shi ne wanda babansa zai iya tikitin jirgi da dala, in kuma Turai ne ga wahalar biza. Mun taɓa tara wa wata 'yar nas kuɗi don ta je ta yi maganar noma, kafin kuɗin su cika naira ta sake faɗuwa tikiti ya kusa ninkawa, ƙarshe dai bidiyo ta ɗauka a waya muka tura wa wakilanmu su nuna, kuɗin kuma muka buga takardun Hausa da su.