Gonar da na saya a gefen Tiga don gidan hutu

Na daɗe ina son in samu wani ɗan waje a ƙauye da zan riƙa kai iyalina in an yi hutun makaranta ko bayan sallah, mu huta da ƙarar janareto da hayaƙin adaidaita ko na kwana uku ne. Ba wani katafaren gida nake nema ba, ɗaki biyu da rumfa da inuwar mangwaro sun ishe ni. To a 2022 wani abokin aikina yace akwai gona ana sayarwa ta wajen Tiga, eka biyu da ɗan wani abu, kana tsaye a cikinta kana hango ruwan dam ɗin nan da aka yi zamanin Audu Bako. Muka je da rani, iska na kaɗawa, wallahi tun kafin mu koma mota zuciyata ta gama saye.

Kuɗina bai kai rabi ba, sai na nufi banki, ɗaya daga cikin waɗanda ba sa harkar kuɗin ruwa tunda ni bana son ruwa ya shiga gidan da yarana za su kwana. Tambayar farko da aka min ita ce ina C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. Nace ai gonar ƙauye ce, takardar dagaci ce kawai. Anan ma'aikacin ya zaunar dani ya min bayani, kuma na gode masa har yau. Tun dokar ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai haƙƙin zama da amfani kake saye, a birni gwamna ke bada takarda galibi ta shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bada takardar mallaka irin ta gargajiya. Takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu shaidar ciniki ce, tana da amfani sosai in rigima ta tashi, amma banki ba zai karɓe ta a matsayin jingina ba. Haka ma kuɗin NHF ɗin nan, wato asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 da ake cira a albashinmu duk wata, shima sai da takarda mai ƙarfi.

Sai na koma hanyar da muka sani. Na roƙi 'yan adashinmu suka bani ɗaukar farko, na ci bashin kofaretib na ofis ana cira a albashi wata 18, sauran kuma uwargida ce ta sayar da sarƙarta da ɗan kunne ta cika. Ita tace ba sai an rubuta ba, ni nace sai an rubuta, sunanta na cikin takardar da kason ta.

Wanda ya sayar min babban ɗa ne a gidansu, mutumin kirki a ido, ya kawo ƙannensa maza biyu suka sa hannu, aka biya la'adar dillali aka yi addu'a aka watse. Ban tambayi ko mutum nawa mahaifinsu ya bari ba, kuma nan ne kuskurena yake. Bayan wata takwas ina tsaye ana haƙa fandisho sai ga wata dattijuwa da yaro riƙe da hannunta, ta gaishe ni tace "Alhaji kai ne ka sayi gonar babanmu?" Nace "Ni ne Iya, lafiya dai ko?" Tace ita aure ya kai ta wani gari, ba a taɓa raba gadon ba, kuma babu wanda ya gaya mata an sayar, a bakin 'yan kasuwa taji. Ashe su bakwai ne, mata huɗu, ba a shawarci ko ɗaya ba.

Daren nan ban yi barci ba. Ba asarar kuɗin ce ta dame ni ba, tunanin in kawo 'ya'yana su yi wasa su yi sallah a kan haƙƙin wata baiwar Allah ne ya tsaya min a rai. Washegari na tsayar da aiki muka je wajen dagaci, nace ranka ya daɗe ni dai a raba gadon nan yadda Allah yace ko da zan rasa gonar gaba ɗaya. Aka kira liman ya yi lissafi, namiji kaso biyu mace kaso ɗaya, mahaifiyarsu ta riga ta rasu don haka babu maganar tumuni. Mata uku suka yarda da cinikin suka karɓi nasu daga hannun yayansu, ita kuwa Iya tace bata son kuɗi, ƙasa take so ta shuka gyaɗa. Aka yanka mata ta gabas inda ɗorawa take, wajen da nafi so a duk gonar, shi kuma yayan yana mayar min da kuɗin wajen kaɗan kaɗan, har yanzu da saura.

Bayan nan ne na ɗauko safiyo ya auna ya kafa bikon, na kai zanen nasa ofishin KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, a duba min ko wajen ya shiga filin gwamnati tunda kusa da dam ne, alhamdulillah bai shiga ba. Wannan da shi ya kamata in fara kafin in bada ko sisi. Sannan duk mai son gonar ƙauye dan Allah ya je ya ganta a watan Agusta, hanyar da muka bi da rani kamar kwalta, da damina kwari ne, tifa sau biyu tana kafewa da yashi. Ka tambayi inda burtali ya bi ma, nawa yana bayan gonar, na bar masa hanya ban sa shinge ba, yanzu Fulanin wajen su ke kawo mana nono.

Cire tallafin mai a 2023 ya tada farashin siminti da kuɗin mota yadda lissafina ya rushe, sai maginan garin suka ce in yi da tubalin ƙasa a yi masa yaɓen siminti ta waje, kuma gaskiya yafi bulo sanyi nesa ba kusa ba. Sola ƙarama, rijiya ta hannu, bohol sai nan gaba in an gama biyan kofaretib.

Hutun da ya wuce mun kwana biyar a can. Iya ce ke riƙe da makullin in bama nan, ta aiko wa yara da dafaffiyar gyaɗa cikin kwano, ƙaramar 'yata kuma tun da asuba take tsallaka kunya ta tafi wajenta ƙarƙashin ɗorawa.