Fyacewa ɗaya a bakin buta

Har yau in na tsuguna alwala, hannuna na kaiwa hanci sai gabana ya faɗi.

Goshina ya soma tasowa ne a hankali, daidai saman gira, har abokai suka laƙaba min Na-Goshi. Hoton CT ya nuna kogon iskar da ke cikin ƙashin goshi ne ya faɗaɗa ya wuce kima, babu ruwa babu mugunya, iska zalla. Likita ya ce abin ba kasafai ake ganinsa ba, sunansa niyumosainus dilatans, wani likitan Holan mai suna Benjamins ya raɗa masa tun 1918. Aka ƙara min da wani hoton cikin kai mai suna MRI, domin wani sa'in yakan zo tare da ƙari a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi, ba a ga komai ba.

Aikin tiyatar gyaran goshin kuwa barci nake aka yi. An tsaga fatar kai daga kunne zuwa kunne ta cikin gashi, aka ciro bangon ƙashin, aka rage tudunsa, aka mayar aka ɗaure da 'yan ƙarafunan titaniyam.

Ranar sallama likita ya ce, "Malam, kada ka fyace hanci sai na ba ka izini. Atishawa ma ka yi ta baki buɗe." Na ce to. Ni a zatona maganar mura yake yi. Sujada na tambaya, ya ce in yi nuni tukuna. Alwala fa? Ko a raina.

Kwana na shida, da asuba, ido rabi a rufe, na shaƙa ruwa na fyace da ƙarfi yadda na saba tun ina yaro. Kafin in ajiye buta fatar idona ta hagu ta cika tim. In na danna, sai in ji tana ƙaras-ƙaras kamar leda. Maiɗakina na gani ta saki salati.

Iska ce ta bi ta inda ƙashin bai haɗe ba, ta shige ƙarƙashin fata. Aka sake kwantar da ni, ga sabon hoto, ga allurai don kada ƙwayoyin cuta daga hanci su kai ga ƙarafunan. Kuɗin da na ware na haya, can suka tafi. A kan fyacewa ɗaya!

Likitan bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Duk wanda za a yi wa aikin nan, ya tambayi yadda zai yi alwala tun yana kan gadon asibiti. Ni dai sai da na shafe mako shida ina shafa ruwa a bakin hanci kamar mai tsoron wuta.