Baƙin gindin tumatir ya tafi, tulun Miriya ne ya kore shi

Ƴan'uwa masu koyon garka, yau da farin ciki na zo. Na tsinki tumatir cike da kwano, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juya gindinsu, babu ko guda mai baƙin tabon nan. Alhamdu lillahi!

Sauran kayan ba su da dogon labari. Salati ya yi, mun ci har mun aika wa maƙwabta. Zogale ko ba ka kula shi ba zai tashi. Kuɓewa ta tsaya cak tun da hunturu ya kankama, dama ba ta shiri da sanyi, na ƙyale ta.

Tumatir ne ya hana ni sakat. Irin Roma na shuka, dogon nan, na yi renonsa cikin Oktoba, na dasa a bayan ɗaki. Ya yi ganye shar, ya yi fure, ya ɗaura ƴaƴa. Suna fara girma sai ka ga wani ɗan tabo mai ruwa-ruwa a ƙasan ɗan, daidai inda furen ya faɗi. Kafin ka ankara ya faɗaɗa, ya yi baƙi, ya lotsa, ya bushe kamar fatar da aka shanya. Saman ɗan lafiya lau, har ya yi ja yana ƙyalli, ka juya shi ranka ya ɓaci. Zubin farko kusan duka kaji suka ci.

Shawara kuwa na sha ta. Wani ya ce tsutsar nan ce Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016. Na tsaga ƴaƴan, babu rami, babu tsutsa, ganyen ma babu zanen da take bari. Mai sayar da maganin feshi ya rantse mini cewa cuta ce, ya karɓe mini jika uku, na fesa, tabon ko gezau. Jika ukun nan har yanzu suna yi mini ciwo. Sai masu cewa a daka ɓawon ƙwai a zuba, da masu cewa toka.

Wani dattijo mai garka a Miriya, nan kusa da garinmu Damagaram, shi ne ya warware mini. Na kai masa ɗa guda a aljihu, ya juya shi sau ɗaya, ya ce, "Ɗana, yaushe-yaushe kake ba shi ruwa?" Na ce, "Baba, duk ranar da pampo ya kawo, ina cika masa sosai." Ya yi dariya ya ce, "To ga ciwon nan. Yau ƙoshi, gobe ƙishirwa. Ba magani yake so ba."

Ashe abin ba ƙwayar cuta ba ce, ba ya tsallakawa daga gindi zuwa gindi. Sinadarin kalsiyam ne ba ya isa ƙarshen ɗan. Shi kuma ba ya tafiya sai cikin ruwan da saiwa take ja. Idan ƙasa ta bushe, ɗan abin da ya hau, ganye ne ke janye shi, balle ga iskar hunturu tana tsotse su, sai gindin ɗan, da yake shi ne wuri mafi nisa, ya tashi hannu banza. Shi ya sa ɓawon ƙwai, duk da kalsiyam ɗin da ke cikinsa, ba zai fisshe ka ba: ko kalsiyam na cikin ƙasar, sai an samu ruwan da zai ɗauke shi kullum. Dogon tumatir ya fi zagayayye saurin kamuwa, kuma yawan takin uriya yana ƙara abin, don ganyen ne yake ƙara wa ƙarfi.

To amma a Damagaram faɗar "ruwa kullum" ta fi yin sa sauƙi. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi. Ranar da pampo ya yi shiru, bidon ɗan ga-ruwa na sha ne da girki, wa zai yarda ka zuba wa tumatir?

Nan ne tulu ya shigo. Na sayo tuluna a Miriya, jika biyu da rabi har da kuɗin mota, waɗanda ba a shafa musu komai ba. Kafin ka biya ka sa a zuba ruwa ka jira: wanda jikinsa ya yi sanyi ya fara zufa shi kake nema, wanda ya zauna a bushe ka bar wa mai ɗaki. Na haƙa tsakanin shukokin a hankali don kar in yanke saiwa, na binne kowane tulu har wuya, na cika, na rufe bakinsa da faifai da dutse a kai saboda sauro da ƙura. Haƙar ce ta ba ni wuya, tsakuwa ta kusa cinye bakin magirbi. Tulu ɗaya yana riƙe mini gindi uku zuwa huɗu, muddin ba su wuce kamu ɗaya daga jikinsa ba. A ƙasa mai yashi irin tamu laima ba ta nisa, wanda ya yi gefe da yawa sai na ci gaba da ba shi da hannu. Dadin abin, ƙasa na bushewa tulun ya ƙara saki, tana jiƙewa ya rage. Ranar da ruwa ya zo in cika su, ranar da bai zo ba suna aikinsu.

Masu tabon duk na tsinke su, ba sa warkewa, nauyi kawai suke ƙara wa uwar. Uriya na daina, na koma takin awaki da ya ruɓe sosai. Zubi na biyu an samu ɗai-ɗai masu ɗan tabo. Na uku shi ne kwanon yau.

Lokaci dai ya ƙure. Da zafin Maris ya shigo fure zai fara zuba, don haka abin da ya ɗaura yanzu shi ne rabona na bana. Ina so in mayar da tulunan ga gwanda da lemun tsami mai aure da na ajiye a leda, in ga ko za su ƙetare da su bazara. Ina kuma cigiyar irin tumatirin Icrixina, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta fitar don damina.

Sai dai ga sabuwa. Karan geron da na shimfiɗa don riƙe laima ya jawo gara, har ta fara gini a wuyan tulu ɗaya. Na kwashe karan, na barbaɗa garin ƴaƴan bedi, ban ga ta gudu ba tukuna. Wanda ya taɓa rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa a nan garin, don Allah ya faɗa mini ko shi ma gara na bin sa.